Ƙari a zuciya, ruwa a jakarta: tibi ne ko limfoma?

Sabon Dakta: Assalamu alaikum, manyanmu. Namiji ne ɗan shekara 62, numfashi na sarƙe masa, ƙafafu sun kumbura. Eko, wato hoton zuciya, ya nuna ruwa a jakar zuciya, ga kuma ƙari a ɗakinta na sama na dama. Bugunsa 40 a minti. A fara maganin tibi da prednisolone, ko a dakata?

Likitan Zuciya: Wa alaikumus salam. Dakta, riƙe prednisolone ɗin tukuna. A nan, da an ga ruwa a jakar zuciya sai hankali ya tafi ga tibi, kuma galibi shi ne. Amma ƙari a ɓangaren dama tare da bugun da ya ragu haka, dole a tuna da limfoma, wato kansar fararen ƙwayoyin jini, don gefen da ta fi kamawa ke nan. Kwana kaɗan na sitiroyid irin prednisolone ya isa ya narkar da ƙwayoyinta, a tsakuro nama a ga ba komai.

A zuƙe ruwan, a aika da shi ɗanye a ranar, ba cikin fomalin (ruwan adana nama) ba, a duba ƙwayoyin da CD20, alamar da ake samu a jikin ƙwayoyin yawancin limfoma. Kada ADA, gwajin ruwan da ke hauhawa a tibi, ya ruɗe ka, limfoma ma tana ɗaga shi. In ruwan bai nuna ba, a bi ta jijiyar wuya a tsakuro naman, eko na haskawa. Bugun kuwa, a sa na'urar daidaita bugu ta wucin gadi. Toshewar saƙon lantarkin zuciya da ta rage bugun takan warware bayan kimo, wato maganin kansa.

Likitar Jini: Haka ne, ranka ya daɗe. Yawanci nau'in DLBCL ce, mai manyan ƙwayoyi, maganinta haɗin magunguna biyar da ake kira R-CHOP, duk kwana 21, zagaye 6. A kowace murabba'in mita ta jiki: rituximab mg 375, cyclophosphamide 750, doxorubicin 50, vincristine 1.4 (kada ya wuce mg 2), sai prednisolone, wanda shi ba da murabba'in mita ake lissafa shi ba, mg 100 kullum har kwana 5.

Zagayen farko ne abin tsoro. In ƙarin ya ci bangon zuciya ya narke lokaci guda, bangon na iya hudewa ko bugu ya rikice. Shi ya sa ake rage awo a karon farko, majinyaci na kwance ana kallon bugunsa. Saboda dattin da narkewar ƙarin ke zubawa cikin jini, a ba shi allopurinol, a riƙa auna fotasiyam, ruwa kuma da hankali, zuciyar ba za ta ɗauki lodi ba. In matsawarta ta yi rauni, a sauya doxorubicin da etoposide.

Mai Haɗa Magani: Hajiya, abu ɗaya zan ƙara: a gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B kafin rituximab, har da anti-HBc, gwajin da ke nuna an taɓa kamuwa da ciwon hantar. Rituximab yana tayar da ƙwayar ciwon hantar da ta kwanta. Wanda aka samu da ita, a fara masa tenofovir ko entecavir tun kafin kimo.