Tun da zafi ya shigo kwamfutata ke mutuwa tsakiyar aiki, in ƙara boltej ko in haƙura?

Abban Khadija, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema da gaggawa, don aikin mutane ne a hannuna. Ina haɗa bidiyon biki da walima a shagona. Kwamfutar, furosesarta (ƙwaƙwalwarta ke nan) Core i5-9600K ce kan madabod (babban allon cikinta) Z390. A watan Janairu na shiga BIOS, wurin saitin madabod, na ƙara mata gudu, ƙwayoyin furosesar shida duka na kai su 5.0 GHz, boltej na kafe shi a 1.30. Lokacin lafiya lau, ko gardama ba ta yi. Da Afrilu ya kama sai ta canza hali. In na sa bidiyo fita, musamman tsakanin azahar da la'asar, sai ya kai rabi ta watso min shuɗin allo, an rubuta WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR. Jiya sau uku, ga uwar amarya ta aiko yaro har shago sau biyu. Na ƙara zuwa 1.36, ta ɗan jure, amma zafinta ya haura digiri 96. Wani ya ce in kai 1.45 in huta. Gabana faɗuwa yake, don sai da na sayar da babur na haɗa ta.

Injiniya Bello, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kak ka kai 1.45. Wanda ya ba ka shawarar nan ba shi zai saya maka wata ba. Irin wannan furosesa, masu aiki da ita kullum ba su son wuce 1.35, in an matsa ƙasa da 1.40, shi ma sai da sanyi mai kyau. Zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da boltej, gaba yake yi: daga 1.25 zuwa 1.40 wutar da take ci na ƙaruwa da kusan kashi 25 cikin ɗari ko da gudun bai canza ba. Kuma iyakarta digiri 100, tana kai nan za ta rage gudu da kanta don ta tsira. To mi aka ci?

Gwajin da ka yi cikin hunturu ka yi shi, ana sanye da rigar sanyi. Yanzu da rana waje yana wuce digiri 40, shagon kwano kuwa kai ka san yadda yake. Iskar da fanka ke hura mata ita kanta mai zafi ce, kuma furosesa in ta yi zafi boltej ɗin da ya ishe ta da can ba ya isarta. Ka ƙara boltej, zafi ya ƙaru, ta sake neman wani. Haka za ku yi ta yi har ta gaji.

Maman Sultan, Arkilla:
Kafin komai, yaushe rabonka da buɗe akwatin? Tawa da na buɗe bayan hunturu, ƙura ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya kamar an liƙa auduga. Ka hure ta, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, ka goge tsohon man da ke bayan furosesa ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Sani Mai Gem:
Ni wuta nake zargi. Da rana kan janareta kake ko? Ka sa sitabilaiza.

Injiniya Bello:
Malam Sani, sitabilaiza da UPS (mai riƙe wuta in an ɗauke) suna da amfani, ban ƙi ba. Amma wuta in ta yi rawa yawanci ɗauke kwamfuta take gaba ɗaya. Wannan rubutun da yake gani, a kwamfutar da aka ƙara wa gudu, galibi boltej ne ke gazawa lokacin nauyi.

Abban Khadija, buɗe manhajar HWiNFO, ka sa bidiyo fita, ka zuba wa Vcore ido, wato boltej ɗin da ke isa ga furosesa. Abin da ka rubuta a BIOS daban, abin da ke isa gare ta lokacin aiki daban, don yana zubewa in nauyi ya hau. Wani saiti a BIOS mai suna LLC ke rage zubewar. Ka sa shi matsakaici, kada ka ƙure, saboda matakin ƙarshe kan sa boltej ya yi tsalle sama lokacin da nauyi ya sauka. Lambobin matakan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ka duba littafin madabod ɗinka.

Sannan ka sauko 4.8. Tsakanin 5.0 da 4.8 kashi 4 ne cikin ɗari, bidiyon minti 50 bai fi ya ƙara minti biyu ba. Ka fara da 1.28, ka gwada da manhajar gwaji OCCT ko Cinebench, in ta tsaya ka riƙa ragewa 0.01, in ta faɗi ka koma baya taki biyu. Akwai kuma AVX offset, saitin da ke rage gudu kaɗan lokacin wani nau'in lissafi mai nauyi da ake kira AVX, sa shi 1 ko 2, don matse bidiyo na amfani da AVX kuma shi ya fi dafa ta. Gwajin da ƙarfe uku na rana za ka yi, ba bayan isha'i ba. Ka nemi ta zauna ƙasa da digiri 85.

Usman, Runjin Sambo:
Ƙari kan na Injiniya, ka kashe XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, lokacin gwaji don kada matsalar RAM ta rikita ka. In ta ƙi tashi sam, zare wuta, cire batirin madabod ɗin nan mai kamar kwabo na minti biyar, komai zai koma yadda ya zo.

Abban Khadija:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, gaskiyarki, ƙurar da na fitar ta kusa cika tafin hannu. Injiniya, na duba kamar yadda ka ce: ina rubuta 1.30, bidiyo na fara fita sai in ga 1.23. Yanzu tana 4.8, boltej 1.27, LLC a tsakiya, zafi bai wuce 83 ba. Bidiyon ya fita bayan la'asar, yaron ya zo ya karɓa. Gobe da azahar zan mayar da XMP in bar ta kan OCCT awa biyu, zan kawo muku abin da na gani.