Muhawara: Shin bashin gina sabuwar sakandare zalunci ne?

Kawu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon ku saurare ni yau, domin raina a ɓace yake. Hukumar makarantun gundumarmu a nan jihar Teksas ta Amurka ta aiko mana da takarda cewa za a kaɗa ƙuri'a a watan Mayu kan sayar da takardun lamuni, wato cin bashi daga masu zuba jari, domin gina sabuwar sakandare, wai wadda ake da ita ta cika har yara na karatu a ɗakunan wucin gadi. Ban ƙi a yi wa yara makaranta ba. Tambayata ita ce, me ya hana a faɗaɗa tsohuwar, sai an ci bashin da doka ta yarda a kai shekara 40 ana biya? Kuma takardar ba ta faɗi jimillar abin da za a biya ba idan an haɗa da kuɗin ruwa. Gidan da na sha wahalar tuƙin babbar mota kafin in mallaka shi za a ɗora wa harajin, alhali 'ya'yana duk sun gama sakandare. Wannan zalunci ne.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam, Kawu. Da girmamawa nake cewa kalmar zalunci ta yi nauyi. Zalunci shi ne a karɓi abinka da ƙarfi ba tare da an tambaye ka ba, su kuwa waɗannan mutane ƙuri'a suka kira, kuma idan mafi rinjaye suka ƙi, ko bulo ɗaya ba za a aza ba. Lokacin da 'ya'yanka suke karatu, a cikin gine-ginen da wasu suka biya suka zauna, kuma da yawa daga waɗanda suka biya ba su da ɗa ko jika a makarantar. Yanzu da layi ya zo kan namu ne abin ya koma zalunci?

Kawu: 'Yata, ban ce a hana 'ya'yanki karatu ba, kada ki sa mini magana a baki.

Malam Injiniya: Kawu, akwai abin da ya kamata a sani kafin a yanke hukunci. Harajin makaranta a Teksas kashi biyu ne, ɗaya na gudanarwa wanda ake biyan albashi da wuta da ruwa da shi, ɗaya kuma na biyan bashi, kuma kuɗin takardun lamuni ba a taɓa shi domin albashin malamai. Doka ta wajabta wa gunduma, kafin ta sayar da takardun, ta nuna cewa za ta iya biya da harajin da bai wuce santi 50 a kan kowace dala 100 ta darajar gida ba. Bayan haka jihar tana tsaya wa gundumomi da Asusun Makarantu na Dindindin, abin da ke sa su sami rance da ruwa mai sauƙi. Tun 2019 ma dole ne a rubuta a jikin takardar ƙuri'a cewa wannan ƙarin harajin gida ne. Inda aka bi waɗannan matakai a fili, ban ga gurbin kalmar zalunci ba.

Ɗan Agadas: Malam Injiniya, ka lissafa dokoki amma ka tsallake mu. Ni katin zama na dindindin gare ni, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna, ina da gida, ina biyan harajin nan duk shekara, amma ba ni da ikon kaɗa ƙuri'a. Maman 'Yan Biyu ta ce zalunci shi ne a karɓi abinka ba a tambaye ka ba. To, ni ba a tambaye ni ba, kuma za a karɓa. Da ma'anar da ita kanta ta bayar, maganar Kawu ta tabbata a kaina da kan mutane da yawa a wannan zaure.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, rashin ƙuri'arka dokar jiha ce, ba hukumar makaranta ce ta hana ka ba. Kuma 'ya'yanka ana karɓarsu a makarantar kyauta ba a tambayi takardunka ba, don haka ba za a ce ana karɓa daga gare ka ba a ba ka komai ba.

Ɗan Agadas: Wanda aka cire wa kuɗi daga aljihu bai damu da wane ofishi ne ya rubuta dokar ba.

Hajiya Babba: Ni abin da ya dame ni a maganar nan shi ne yadda masu gidaje ke yi kamar su kaɗai ne ke biya. Mu da muke haya, duk lokacin da haraji ya hau, a kuɗin hayar shekara mai zuwa muke ganinsa. Ku kuna da rangwamen gidan zama, wanda a 2023 ya kai dala 100,000, wato adadin da ake cirewa daga darajar gida kafin a lissafa harajin makaranta, kuma wanda ya kai shekara 65 ana daskarar masa da harajin makarantar. Gidan haya ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan akwai wanda ya cancanci ya ambaci zalunci, mu ne, amma duk da haka zan zaɓi a gina, domin jikokina a wannan gunduma suke.

Kawu: Hajiya, mai haya yana iya tattara kayansa ya koma wata gunduma idan wa'adinsa ya cika. Mai gida ba ya ɗaukar gidansa a ka.

Hajiya Babba: Alhaji, wannan magana ba ta dace da kai ba. Haya ba rashin asali ba ne, kuma na riga mutane da yawa a zauren nan zama a unguwar.

Ɗan Agadas: A bar batun haya, a dubi inda irin wannan kuɗi yake tafiya. A Allen, kusa da Dallas, an gina filin ƙwallo na kusan dala miliyan 60 mai kujeru 18,000 domin sakandare ɗaya. An buɗe shi a 2012, a 2014 aka rufe shi saboda tsagewar kankare. A Poway ta Kalifoniya kuwa, gundumar makarantu ta ranci dala miliyan 105 a 2011 da sharaɗin ba za a fara biya ba sai bayan shekara 20, kuma abin da za a biya a ƙarshe ya kusa dala biliyan ɗaya. Yaran da za su biya wannan ba a haife su ba lokacin da aka yanke shawarar. Idan wannan ba zalunci ba ne, a faɗa mini sunansa.

Malam Injiniya: Ɗan'uwa, misalan nan biyu gaskiya ne, amma ba su shafi abin da ke gabanmu ba. Filin Allen mutanen garin ne suka amince da shi da ƙuri'arsu, an gyara shi, an sake buɗe shi a 2015. Kuma tun 2019 dokar Teksas ta ce filin wasa mai kujeru sama da 1,000 dole a ware shi a tambaya ta daban a takardar ƙuri'a, shi ya sa a garin Prosper na nan Teksas a 2023 mutane suka amince da gina makarantu suka ƙi filin wasa na dala miliyan 94. Mutanen Houston ma a Nuwamban 2024 sun yi watsi da lamunin dala biliyan 4.4 baki ɗaya. Tsarin da jama'a ke iya cewa a'a a cikinsa, su kuma yi nasara, ba tsarin azzalumai ba ne.

Malam na Islamiyya: Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da kowa ya kauce masa. Takardun lamunin nan rance ne da ruwa, mai saye yana ba da kuɗi ana mayar masa da ƙari. Wannan riba ce, kuma ayoyin da suka yi umarni a bar riba a Suratul Baƙara da kansu suka haɗa ta da zalunci. Don haka kalmar Kawu tana da tushe, ko da ba ta wannan fuska ya nufa ba. Akwai hanyar da ba ta ruwa, domin jihar Osun a Najeriya ta fitar da sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, na naira biliyan 11.4 a 2013 ta gina makarantu da shi.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya gafarta Malam, naka 'ya'yan a makarantar kuɗi suke, shi ya sa maganar ta zo maka da sauƙi. Kuma gidajen da yawancin masu kukan nan suke ciki, da rancen banki aka saye su, ban ji an kira wannan zalunci a zauren nan ba.

Malam na Islamiyya: Inda 'ya'yana suke karatu ba ya canza hukunci, kuma ina biyan harajin makarantar gwamnati kamar kowa bayan kuɗin makarantar da nake biya. Batun rancen gida kuwa malamai sun yi saɓani a kan lalura, amma babu wanda aka tilasta wa ya je ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da riba.

Malam Injiniya: Malam, mai biyan haraji ba shi ne mai ba da rancen ba, ba kuma shi ne mai cin ruwan ba. Sukuk ɗin ma da ka ambata, daga kuɗin jama'ar jihar aka biya masu saye ribarsu.

Shugaban zaure: 'Yan'uwa, maganar ta fara taɓa mutunci, don haka zan rufe ta a nan. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawan waɗanda suka yi magana da hujja sun nuna cewa kalmar zalunci ba ta dace ba, tunda ƙuri'a ake kaɗawa kuma doka ta sa iyaka. Malam Injiniya ya warware misalin Allen, Hajiya Babba kuma ta nuna mana cewa har masu haya a shirye suke su ɗauki nauyin saboda yara. Damuwar Kawu da ta Ɗan Agadas ta aljihu ce, kuma muna tausaya musu. Batun riba a kai shi majalisin malamai, ba a nan za a yanke shi ba. Ni nawa yaran uku suna cikin azuzuwan da suka cika, kuma na san makarantar nan ana bukatarta. Duk wanda yake ɗan ƙasa ya tabbatar ya yi rajista, domin a Teksas ana rufe rajistar masu zaɓe kwana 30 kafin ranar ƙuri'a.