Tsofaffin Sin da muka zauna da su: ƙafa ce ke fara gazawa ko ƙwaƙwalwa?

Baban Sumayya, Yiwu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna ƙasar Sin. Surukina, mahaifin maiɗakina, ɗan ƙabilar Hui ne daga Ningxia, ya haura shekara 70 kuma tare muke zaune. Bara da sanyi ya zame a banɗaki. Bai karye ba, amma tun ranar muka hana shi sauka ƙasa shi kaɗai, mutumin da da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Cikin 'yan watanni ya rame, murfin kwalba ma ya gagare shi buɗewa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ya fara maimaita tambaya ɗaya, yana kuma rikicewa a raka'o'in sallah. Maiɗakina ta ce tsufa ne kawai. Ni dai na ga raunin jikin da mantuwar tare suka zo. Wanda ya ga irin wannan a nan, don Allah ya ba mu labari.

Hajiya Mai Atamfa, Guangzhou:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Na gani da idona a gidan da nake haya a unguwar Xiaobei. Mahaifiyar mai gidan ba ta fashin rawar nan da tsofaffin mata ke yi a fili da yamma, ita ce ma mai ɗauko akwatin kiɗan. Sai gwiwa ta kama ta, ga gidan tsohon gini ne, babu lif, ita kuma tana can sama. Ta daina sauka. Ƙawayen suka yi ta hawowa gaishe ta har suka gaji, don su ma gwiwar ce. Ba a daɗe ba ta fara barin tukunya a wuta. Yanzu akwai wani awarwaro ruwan ɗorawa a hannunta mai ɗauke da lambar wayar ɗanta, ko da ta fita ta ɓace. A ganina rashin mutane ya ci ta fiye da gwiwar.

Ɗalibin likita, Jinan:
Yaya Baban Sumayya, kafin komai: ya bugu a kai lokacin da ya faɗi? Ko da ba ku tabbata ba, ku nemi a yi masa hoton kai. Tsoho kan faɗi, jini ya riƙa taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai bayan makonni rikicewa ta bayyana, kuma wannan ana iya zuƙe shi mutum ya dawo hayyacinsa. A duba masa sinadarin bitamin B12 da aikin ƙullin wuya da ake kira thyroid, a kuma kai wa likita duk magungunan da yake sha, musamman na barci.

Na yi zagaye a ɓangaren tsofaffi na asibiti, kuma a can ba a kallon ramewa da mantuwa a matsayin abu biyu. Muna amfani da alamomi biyar da Linda Fried, likitar tsofaffi a Amurka, ta fitar a 2001: ramewa ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsi. Mai uku daga ciki ya shiga sahun masu raunin jiki. Ga mutanen Asiya, ma'aunin 2019 ya ce damƙar namiji in ta gaza kilo 28, ta mace kilo 18, akwai matsala, haka ma wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye kafin ya tashi ya zauna sau 5 a kujera. Sau da yawa wanda ya gaza a kujerar shi ne zai kasa zana fuskar agogo in an ba shi takarda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kuma sassan da ke tsara tunani su ne ke tsara taku. A arewacin Sin kuwa, inda surukinka ya fito, ana cin gishiri sosai.

Malam Na-Birni, Beijing:
Ni ina da ja kaɗan. Mahaifin malamin da ya koya mini Sinanci ya shekara da yawa a keken guragu, cokali ma da ƙyar yake ɗagawa, amma har yau yana karanta jarida, yana cinye jikokinsa a darar Sinawa. Kada mu tsorata iyalai su ɗauka duk wanda ƙafa ta gaza hankali zai bi.

Maman Abdul, ɗalibar lafiyar al'umma, Wuhan:
Gaskiyarka Malam, ba dole ba ne. Magana ce ta ƙaruwar haɗari. Ka lura kuma dattijon naka yana da jarida, yana da abokan dara. A sashenmu muna aiki da bayanan manyan bincike biyu na Jami'ar Peking kan lafiyar masu manyan shekaru, CLHLS da aka fara a 1998 da CHARLS da aka fara a faɗin ƙasa a 2011, waɗanda ke komawa ga mutane ɗaya bayan 'yan shekaru. Abin da ke fitowa shi ne hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu: mai raunin jiki ya fi saurin samun mantuwa, mai mantuwa ya fi saurin raunana, wanda ya haɗa biyun kuma ya fi kowa faɗawa kwanciya. Mata tsofaffi na karkara da ba su yi makaranta ba su ne abin ya fi shafa.

Yawan tsofaffin ne ya sa masu bincike suka damu. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 264 'yan shekara 60 zuwa sama. Binciken da ya fito a 2020 ɗin daga asibitin Xuanwu na Beijing ya ƙiyasta miliyan 15 daga cikinsu na da gigin tsufa, kusan miliyan 39 kuma na da mantuwar da ba ta kai can ba. Waɗannan na biyun su ne ake fatan a tara da wuri.

Ɗan Kantin Kwari, Foshan:
Ni akasin na Baban Sumayya na gani. Tafintana ɗa ɗaya ne tilo, an haife shi zamanin dokar haihuwar ɗa guda, matarsa ma haka, tsofaffi huɗu ke wuyansu. Mahaifiyarsa tana ƙauye a Hunan ita kaɗai. Ita mantuwar ce ta fara. Takan manta ba ta ci abinci ba, haƙoranta sun zube, sai kunun shinkafa safe da dare. Da ya je hutun sabuwar shekara ya tarar ba ta iya tashi daga gado sai da dafa bango. Ya dawo yana hawaye a shagona, wallahi har yau ina jin abin a raina.

Ya ɗauko ta, aka yi mata haƙoran roba, aka sa mata ƙwai da kifi da awara kullum, jikarta na riƙe hannunta suna zagaya gida bayan cin dare. Mantuwar ba ta tafi ba, amma jikin ya dawo, tana wanka da kanta, tana gane kowa a gidan.

Maman Abdul, Wuhan:
Alhaji, ka gaya wa tafintan naka cibiyoyin lafiya na unguwa suna duba 'yan shekara 65 zuwa sama kyauta sau ɗaya a shekara. Ya je ta kusa da shi da katin shaidarta ya tambayi yadda za a buɗe mata fayil tunda ta bar Hunan. In an zo dubawar ya ce a gwada jinta da ganinta, don tsohon da ba ya ji sosai yakan janye daga hira, 'yan gida su ɗauka rikicewa ce.