Wane littafin Turawa kuka karanta don kanku, ba don jarrabawa ba?

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum. Ɗiyata ta shiga lise (babbar sakandare) bana, kuma duk littafin da mushe, wato malaminsu, ya ba su sai ta nemo taƙaitawarsa a waya, ta haddace, shi ke nan. Ina so in sa mata guda a hannu wanda zai hana ta barci.

Ni wanda ya yi mani haka shi ne *Le Père Goriot* na Balzac, na 1835. Tsoho ne da ya yi arziki da sana'ar taliya, ya aurar da ɗiyansa mata biyu ga manyan mutane a Paris, ya raba masu dukiyarsa. Su ko ba sa leƙo shi sai bashi ya ci su. A gidan hayar da yake, kullum sai ya koma ɗaki mafi arha a can sama, har kwanon azurfar da matarsa ta bar masa ya sayar. Ranar da za a kai shi, kekunan dokin surukansa suka bi gawa, babu kowa a ciki. Ɗalibai biyu ne suka haɗa kuɗin binne shi. Da na kai wurin nan sai na rufe littafin na tafi gaida mahaifina, ya yi ta tambaya ko lafiya.

Damuwata ita ce kar yarinya ta ɗauka habaici nake mata. Me kuka gani?

'Yar Bukoki, Yamai:
Wa alaikumus salam. Baba, wallahi habaici za ta ɗauka! Kuma Balzac sai ya gama siffanta gidan hayar nan, da warin ɗakin cin abinci, kafin labari ya motsa. Mai waya a hannu ba za ta jira ba. Ka fara mata da *La Parure* na Maupassant, na 1884, shafuka kaɗan ne. Matar ƙaramin ma'aikaci ta aro sarƙar lu'ulu'u wajen ƙawarta don zuwa liyafa, sarƙa ta ɓace. Maimakon su faɗi gaskiya, ita da mijinta suka ci bashi suka sayi wata ta faran 36,000, suka shekara goma suna biya. Duk macen da ta taɓa aron zinariya don biki, cikinta zai ɗuri ruwa. Ƙarshen ba zan faɗa ba, kai ma kar ka faɗa mata.

Tsohon Arlit:
Ni *Germinal* na Zola, 1885. A Arlit na karanta shi lokacin ina aiki can, wani abokin aiki ya ara mani, bangon ma ya cire. Mahaƙan kwal ne a arewacin Faransa, da yajin aikinsu wanda yunwa ta karya. Amma abin da ya zauna mani shi ne dokin nan Bataille, da ya shekara goma a ƙarƙashin ƙasa yana jan kwal bai ga rana ba. Ga yarinya ya yi nauyi, Malam, akwai wuraren da ba na yara ba. Kai dai ka karanta.

Mushe Mai Ritaya, Yamai:
Ƙanena, laifin namu ne, mu muka mayar da littafi abin cin maki. Abin da na ga ya yi aiki shi ne *L'Avare* na Molière, na 1668, in an karanta da ƙarfi, kowa da rawarsa. Ka ɗauki Harpagon, marowacin da ya binne akwatin kuɗinsa a lambu, ka ba ta ɗiyarsa Élise, ku yi bayan isha'i. Wurin da ya tarar an sace akwatin, har hannun kansa ya cafke yana cewa ya kama ɓarawo. Yarana sun sha faɗuwa daga benci don dariya, kuma kowa na da kawun da ya tuna. In ta ɗanɗana, ka haɗa mata da namu, *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani.

Ɗan Adar, Tawa:
Na gode ƙwarai. Mushe, uwar ɗakina ta ce rawar Harpagon ba sai na koya ba. 'Yar Bukoki, Maupassant ɗin fa, ana samunsa a Yamai? Ƙanena zai zo ran Juma'a da mota.

'Yar Bukoki, Yamai:
Ya duba wajen masu tsofaffin littattafai a gefen Babbar Kasuwa. Ya tambayi tarin labaran Maupassant, a ciki yake. Kuma ya taya, kar ya biya kuɗin farko.