Masu rubuta manhaja, haka kuke fama ko ni kaɗai ne?

Ɗan Tudun Wada: Salam 'yan uwa. Ina rubuta ma wani kamfanin Amurka manhaja daga gida nan Gusau, kuɗi alhamdulillahi ba laifi amma wallahi kaina ya gaji, mitin ɗinsu sai bayan isha'i don sun fi mu baya da awa 8 ko 9, in gama ƙarfe biyu in kwanta kodin (rubutun da ake haɗa manhaja da shi) na yawo min a kai har asuba. Kwana biyun nan ko buɗe laftof ba na son yi. A gida kuma gani suke zaman banza nike, kowane aike ni. Mi ne mafita?

Malam na Birnin Kebbi: Ƙanena wannan ba lalaci ba ne. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wagga gajiya cikin matsalolin da aiki ke jawowa, alamunta ukku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita ranka, ka ga kamar ba ka iya komi. Ka faɗa ma oganka awannin da kake iya zama mitin, sauran a rubuto maka ka amsa da safe, da yawansu suna yarda in dai aiki na fita. Mu ne ke jin kunyar tambaya don tsoron kar a sallame mu.

Yar Argungu: Ni abin da ya fi cina kaɗaici ne ba yawan aiki ba. Ka yini kana neman kuskure guda cikin kodin babu wanda za ka ce ma zo ka gani, in ka gyara ma babu mai ce maka sannu. Yanzu duk asabar mukan haɗu mu kaɗan kowa da laftof ɗinshi, rabi aiki rabi hira. Batun aike kuwa yaya, ka zaunar da su Hajiya ka nuna musu abin da kake yi, ranar albashi ma ka nuna 😂

Bakaure: Ku bar ni da 2021 da aka rufe netwok a Zamfara, har Funtua mutane ke zuwa tura aiki, ga wa'adi na matsowa ga fargabar hanya. Har yau in sabis ya ɗauke gabana faɗuwa yake.

Malam na Birnin Kebbi: Ɗan Tudun Wada in rashin barcin ya ɗore ka ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, zuwa can ba ya nufin hauka.

Ɗan Tudun Wada: Na gode Malam. Yau zan rubuta ma ogan, Kware ɗin dai bari mu gani tukun.