Muhawara: Idan kamfanonin jiragen sama biyu suka haɗe, ranar fara aiki kaɗai za a duba wajen jera matuƙa?

Kyaftin:
Assalamu alaikum. Matsayina shi ne, idan kamfanonin jiragen sama biyu suka zama ɗaya, adalci shi ne a jera matuƙansu bisa ranar da kowa ya fara aiki, ba tare da wani dogon lissafi ba. Lambar matuƙi a jerin girma ita ce ke yanke masa kusan komai: lokacin da zai bar kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu ta kyaftin, irin jirgin da zai tuƙa, garin da zai zauna, da ko zai yi ranar biki cikin iyalinsa ko a ɗakin otal, sannan idan kasuwa ta faɗi daga ƙasan jerin ake fara sallama. A Amurka lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani, kyaftin mai shekara 20 ma idan ya sauya wurin aiki daga ƙasa zai faro. Ku dubi abin da ya biyo bayan haɗewar US Airways da America West a 2005. George Nicolau, mai raba gardamar da aka kai wa maganar, ya fitar da hukuncinsa a watan Mayu na 2007, inda ya ajiye matuƙan Gabas, wato na tsohon US Airways, masu shekara 17 a aiki kafaɗa da kafaɗa da sababbin ɗauka na Yamma, wato na America West, ya kuma tura waɗanda aka dakatar saboda ƙarancin aiki can gindin jeri. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma ban ga dalilin da zai sa sararin sama ya fita daga wannan ƙa'ida ba.

Barista:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe Kyaftin, shekara 17 ɗin gaskiya ce, amma tambayar da Nicolau ya yi ita ce: wane aiki kowane mutum ya riƙo a hannunsa ranar da aka haɗe? US Airways ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi har sau biyu, a 2002 da 2004, kuma a lokacin haɗewar yana da matuƙa kusan 1,700 zaune a gida suna jiran kira. America West kuwa kamfani ne da ya fara tashi a 1983, matuƙansa ba su kai 2,000 ba, amma suna kan aiki, ana kuma ɗaukar sababbi. Da an bi ranar fara aiki zalla, da mutanen da ba su da kujera a kowane jirgi sun hau kan ɗaruruwan mutanen da ke tuƙi a Phoenix, cibiyar America West, har da kyaftin-kyaftin, kuma da sallama ta zo waɗanda suka shigo da aiki a hannu su ne za su fara tafiya. Kada kuma a manta cewa Nicolau ya ware wa manyan matuƙan Gabas kimanin 500 saman jerin baki ɗaya, saboda manyan jirage masu ƙetare teku da Yamma ba ta da irinsu. Ashe ba shekaru ya raina ba, aikin da ke ƙasa ya auna.

Hajiya:
Ina tare da Barista a kan US Airways, amma ina jin tsoron wannan hujja ta cewa kamfaninku ya kusa mutuwa, saboda haka ku gode da abin da kuka samu. Da irin ta aka yi wa mutanen kamfanin jiragen sama na TWA lokacin da American Airlines ya saye shi a 2001. Kusan rabin matuƙan TWA an zuba su a ƙasan jeri, ma'aikatan cikin jirgi kuwa dukkansu aka mayar ƙasa duk da shekarun da suka kwashe, sai ga harin 11 ga Satumba ya zo, sallama ta fara da su. Matuƙin jirgi ba shi ne ya ciyo bashin kamfani ba, ba kuma shi ya tsara kasuwancinsa ba, don haka ɗora masa laifin shugabanni zalunci ne. Wannan abu ne ya sa sanatocin jihar Missouri biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, suka kawo gyaran dokar da aka amince da shi a Disambar 2007, wanda ya dawo da tanadin da aka yi lokacin haɗewar kamfanonin Allegheny da Mohawk a 1972: a haɗa jeri cikin adalci da daidaito, idan an kasa daidaitawa a je gaban mai raba gardama. A 2011 ma masu taya alƙali yanke hukunci sun sami ALPA, ƙungiyar ƙwadagon matuƙa jiragen sama, da laifin rashin wakiltar matuƙan TWA yadda ya kamata.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai a lura dokar ba ta ce a bi ranar fara aiki ba, adalci da daidaito ta ce, ta bar wa masu raba gardama fassara. Akwai kuma wani ɓangaren lissafi da ke goyon bayan Kyaftin wanda ba a taɓo ba. Matuƙan Gabas sun fi na Yamma tsufa, da yawansu suna dab da ritaya, kuma duk kyaftin da ya tafi yana barin gurbi ga na bayansa. Mataimakin da ya yi shekara 17 a kujerar dama, aka rage masa albashi, aka soke tsarin fanshonsa a 2003, abin da ya rage masa kawai shi ne waɗannan gurabe. Jerin Nicolau ya sa samarin Yamma za su raba su da shi, su kuma ci gaba da zama a sama bayan shi ya yi ritaya. Ko ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65 da aka yi a ƙarshen 2007 jinkirta guraben kawai ya yi. A ganina maganin wannan shi ne shinge, wato a hana kowane ɓangare shiga jiragen ɗayan na wasu shekaru.

Kyaftin:
Madalla, Injiniya. An taɓa yin haka bayan Northwest ya haɗiye Republic a 1986: aka bi ranar fara aiki, aka kafa shinge na shekara 20 a kan manyan jirage.

Barista:
An yi, Kyaftin, amma sakamakonsa shi ne matuƙan kamfani ɗaya suka shafe shekara 20 a rabe, ana kiran waɗansu 'yan jan littafi, waɗansu 'yan koren littafi, ana ta komawa gaban masu sasanci a kan wane jirgi ne na wa. Amma bari in zo ga abin da ya fi damuna. A wancan lokacin ɓangarorin biyu na US Airways, Gabas da Yamma, duk 'yan ALPA ne, dukkansu sun amince tun farko cewa hukuncin mai raba gardama shi ne na ƙarshe kuma ya hau kan kowa. Da hukuncin bai yi wa Gabas daɗi ba, sai suka yi amfani da yawansu, suka kori ALPA da ƙuri'a a Afrilun 2008, suka maye gurbinta da tasu sabuwar ƙungiya mai suna USAPA, suka rubuta ranar fara aiki a cikin kundin tsarin mulkinta. Alkawari kaya ne, kuma idan mai rinjaye zai iya sauke shi duk lokacin da ya yi masa nauyi, babu ƙaramin ɓangaren da zai sake yarda ya shiga sasanci. Matuƙan Yamma sun kai ƙara, sun yi nasara a Phoenix a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2010 lokacin shari'ar bai yi ba tukuna, sai a 2015 ta tabbatar cewa USAPA ta saɓa wa haƙƙin wakilci. A mafi yawan waɗannan shekaru jeri biyu ake aiki da su da yarjejeniyar albashi biyu, kuma matuƙan Gabas da kansu suka ci gaba da karɓar albashin zamanin karyewar kamfani.

Hajiya:
Barista, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kwatanta shi da Delta da Northwest: an kammala haɗewa a Oktoban 2008, an riga an daidaita a kan yarjejeniyar albashi guda, masu raba gardama uku suka fitar da jeri a Disambar shekarar, aka yi gunaguni, aka kuma yi aiki da shi. Idan an ɗaga albashin kowa tukuna, raɗaɗin rasa 'yan lambobi yana raguwa.

Injiniya:
Amma a ba Kyaftin haƙƙinsa, domin rikicin ya sauya ƙa'ida. A 2009 ALPA ta gyara manufarta ta haɗewa, ta sanya daɗewa a aiki cikin abubuwan da dole a duba, tare da matsayi (kyaftin ko mataimaki) da nau'in jirgi da kuma abin da mutum ke sa ran samu a gaba. Da aka zo kan United da Continental, hukuncin Satumbar 2013 ya ba daɗewa kashi 35 cikin 100, matsayi da nau'in jirgi kashi 65, kuma matuƙan United da ke zaman jiran kira ba a tura su ƙasa gaba ɗaya ba.

Kyaftin:
Kashi 35 ya fi babu, ko da yake ni har yanzu ina ganin ya yi kaɗan ga mutumin da ya ba aiki ƙuruciyarsa. Barista, ga tambayata gare ka. Bayan US Airways ya haɗe da American a Disambar 2013, masu raba gardama uku sun fitar da jeri a Satumbar 2016, kuma ba su ɗauki jerin Nicolau a matsayin tushe ba, jeri uku suka haɗa: na American, na Gabas da na Yamma. Idan hukuncin 2007 ya hau kan kowa kamar yadda ka ce, me ya sa su ma suka tsallake shi?

Barista:
Sun tsallake shi ne saboda sharaɗin fara aiki da shi shi ne a samu yarjejeniyar albashi guda tsakanin Gabas da Yamma, ita kuwa ba a taɓa ƙulla ta ba kafin zuwan American, don haka suka ɗauki al'amura yadda suka tarar da su. Ba su koma ga ranar fara aiki zalla ba, sun gauraya daɗewa da matsayi da nau'in jirgi. Abin da nake ƙi a ciki shi ne, ɓangaren da ya hana a ƙulla waccan yarjejeniya shi ne ya ci ribar rashin ƙulla ta, matuƙan Yamma kuwa sun riƙe takardar hukunci shekara tara ba su taɓa zaɓar jirgi ko ranar hutu da lambar da ke cikinta ba.