Shirin ganawar neman aiki a kamfanin jiragen sama na yanki: neman shawarar waɗanda suka riga ni

Malamin Tuƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da manyanmu na wannan zaure. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan ina koyar da tuƙin ƙananan jirage a Amurka, kuma yanzu sa'o'in tashina sun kai 1,430, saura kaɗan in cika 1,500 ɗin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta gindaya kafin a ba mutum lasisin ATP, wato lasisin matuƙin kamfanin jiragen sama. Wani kamfanin yanki, daga cikin waɗanda ke ɗebo fasinjoji daga ƙananan birane suna kai wa manyan kamfanoni, ya kira ni ganawa nan da mako uku a kan gurbin mataimakin matuƙi.

Abu uku ne suka hana ni sakat. Na farko, na taɓa faɗuwa jarrabawar tuƙi da na'ura, wato tuƙi da dogaro ga na'urorin jirgi ba tare da ganin waje ba, domin na sauko ƙasa da iyakar da taswirar sauka ta yarda kafin in hango titin jirgi, nan take mai jarrabawar ya dakatar da ni, sai bayan kwana goma na sake zama na ci. Na biyu, da na haɗa lissafin littafin sa'o'ina na takarda da wanda ke cikin kwamfuta, sai na tarar da bambancin awa 6.4 wanda har yau ban gano inda ya ɓuya ba. Na uku, ban san iyakar zurfin da tambayoyin fasaha ke kaiwa ba, alhali ban taɓa tuƙa jirgin jet ba. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kujera, ko ta mai tambaya ko ta wanda ake tambaya, ina roƙonsa ya haska mini hanya.

Mataimakin matuƙin jirgin Embraer E175 ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a. Bara war haka ina cikin halin da kake ciki, saboda haka bari in fara da littafin sa'o'i, domin shi ne abin da za a karɓa daga hannunka tun kafin a ji muryarka sosai.

Kada ka tafi da wannan bambanci na awa 6.4 ba tare da ka bi diddiginsa ba. Ka ware dare biyu ko uku, ka ɗauki littafin takarda shafi bayan shafi, ka sake haɗa jimillar kowane shafi, sannan ka duba ko abin da aka ɗauko zuwa shafi na gaba daidai yake da abin da ke ƙasan wanda ya gabata. Nawa kuskuren a nan ya ɓuya: na rubuta 312.7 a ƙasan wani shafi, na ɗauko 321.7 zuwa na gaba, kuma na yi shekara guda ina ɗora lissafi a kan awa tara da ban taɓa tashi ba. Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne sa'o'in na'urar kwaikwayon tuƙi, inda wasu ke zuba su cikin jimillar sa'o'in tashi a littafi ɗaya, su ware su a ɗayan. Idan ka gano kuskuren, kada ka goge komai, kada ka shafa farin fenti. Ka buɗe sabon layi da kwanan watan ranar, ka rubuta gyaran da dalilinsa, ka sa hannu. Mai duba littafi ya saba ganin gyara, abin da ke tayar masa da hankali shi ne alamar an yi ƙoƙarin ɓoye wani abu.

Ka kuma tabbatar kowane rukuni ya cika ko yana gab da cika: awa 500 na tafiya mai nisa, 100 na dare, 75 na tuƙi da na'ura, da kuma sa'o'in jirgi mai inji fiye da ɗaya. Masu koyarwa da yawa ba su lura cewa a lissafin ATP, tafiya mai nisa ita ce wadda ta wuce mil 50 na teku daga inda aka tashi, ko da ba a sauka a can ba, don haka mai yiwuwa kana da sa'o'in da ba ka ƙirga wa kanka ba. Ni na manna 'yan takardu masu launi a gefen shafukan da kowace jarrabawa take, na kuma buga taƙaitaccen lissafi a shafi guda na ɗora a sama. Matar da ta karɓi littafina ba ta yi minti biyar a kansa ba, alhali na wanda ke kusa da ni ya daɗe a hannunta tana ta kiransa yana komawa. Sauran takardu kuwa, wato fasfo, shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, izinin amfani da rediyo na hukumar sadarwa ta FCC, lasisin mota da lasisin tuƙinka duka, ka je da na asali da kwafinsu.

Game da fasaha, ba wanda zai tuhume ka don ba ka san jet ba, kamfanin ne zai koya maka shi. Abin da suke aunawa shi ne tuƙi da na'ura. Za a miƙo maka taswirar sauka ta kamfanin Jeppesen a ce ka yi bayaninta kamar kana gaya wa kyaftin, daga mitar rediyo har zuwa abin da za a yi idan aka fasa sauka. Idan taswirorin gwamnati ka saba da su, ka nemi na Jeppesen ka zauna da su, domin tsarinsu ya bambanta. Za a ba ka rahoton yanayi na METAR da hasashen TAF a tambaye ka ko ana bukatar filin jirgi na ko-ta-kwana, wato inda za a sauka idan saukar farko ta gagara: ba a bukatarsa idan daga awa ɗaya kafin lokacin isa zuwa awa ɗaya bayansa, rufin gajimare ya kai ƙafa 2,000, gani ya kai mil 3, in ba haka ba sai an sa shi. Akwai kuma lissafin ka. Ni an tambaye ni: kana ƙafa 24,000, an ce ka tsallaka wani wuri a ƙafa 10,000, daga ina za ka fara sauka? Ana lissafa mil uku ga kowace ƙafa dubu ta sauka, don haka ƙafa dubu 14 sau uku, mil 42 ke nan, sai ka ƙara 'yan mil domin rage gudu zuwa not 250, wato mil 250 na teku a awa, da doka ta iyakance a ƙasa da ƙafa 10,000. Ka saba yin irin wannan da baki, ba tare da alƙalami ba.

Tsohon Kyaftin ya amsa:

Ƙanena, abin da ɗan'uwanka ya faɗa a kan littafi daidai ne, ba zan ƙara komai ba. Ni batun faɗuwar jarrabawa zan tsaya a kai, domin na zauna a ɓangaren masu tambaya shekaru da dama, kuma a nan ne na ga mutanen kirki suna rasa aiki ba tare da dalili ba.

Ka fara sanin dalilin da ya sa ake tsananta wannan tambaya. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407, ƙirar Q400, ya faɗi kusa da Buffalo a jihar New York, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna cewa kyaftin ɗin ya taɓa faɗuwa jarrabawar tuƙi fiye da sau ɗaya, kuma kamfanin bai san da dukkansu ba lokacin da ya ɗauke shi. Daga wannan hatsari ne Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar 2010, wadda ta ɗora wa mataimakan matuƙa sharaɗin awa 1,500 da kake ƙoƙarin cikawa, wanda ya fara aiki a 2013, ta kuma umurci a kafa rumbun bayanan matuƙa da ake kira PRD. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, faɗuwarka tana rubuce, kuma kamfanin zai gan ta ko ka faɗa ko ka yi shiru. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan sana'a kuwa ya fi ƙurewa. Na san wanda aka sallama daga tsakiyar horo, bayan ya riga ya bar tsohon aikinsa, saboda ya bar wannan gurbi fayau a takardar neman aiki.

Faɗuwa guda ba ta hana aiki, matuƙa da yawa da ke tashi da manyan jirage a yau suna da ita a tarihinsu. Yadda ka ba da labarin shi ne ake saurare. Ka faɗi abin da ya faru a jimla biyu ko uku, kamar yadda ka rubuta mana a sama: na sauko ƙasa da iyaka kafin in ga titi, laifina ne. Sannan ka faɗi abin da ka gyara, kuma ya zama abu ne da ake iya gani, misali cewa tun daga ranar kana furta tsayin da ya rage da baki yayin da kake kusantar iyaka, kuma haka kake koya wa ɗalibanka. Idan ɗaliban da ka tura jarrabawa suna ci, ka ambaci adadinsu. Daga nan sai ka yi shiru. Wanda ya fara cewa mai jarrabawar mugu ne, ko iska ce ta yi yawa, ko malaminsa ne bai shirya shi ba, to ya gama da kansa, ko da abin da ya faɗa gaskiya ne, domin mu abin da muke ji shi ne yadda zai yi magana a kanmu ranar da ya yi kuskure a jirginmu.

Sai kuma tambayoyin yanayi, waɗanda a ganina sun fi na fasaha nauyi. Za a ce maka: kyaftin ya sauko ƙasa da iyaka ba a ga titi ba, me za ka yi? Ko kuma ka ji warin giya a bakinsa a motar da ke kai ku filin jirgi. Ko ya ci gaba da hira a ƙasa da ƙafa 10,000, inda doka ta hana duk wata magana da ba ta shafi tuƙi ba. A nan ina so in ja kunnenka musamman, domin mun taso da tarbiyyar cewa ba a katse babba, ba a kuma gyara masa magana a gaban mutane. Wannan tarbiyya tana da kyau a inda take, amma a ɗakin matuƙa kunya tana kashe mutane. A Tenerife a 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka mutu, kuma daga cikin abin da aka gano akwai cewa injiniyan jirgin ya nuna shakkarsa a kan ko titin ya zama fili, kyaftin ya ba shi amsa da ƙarfin gwiwa, maganar ta mutu a nan. A 1978 man jirgin United mai lamba 173 ya ƙare, ya faɗi kusa da Portland, yayin da hankalin kyaftin ya tafi ga matsalar tayoyin sauka. Daga irin waɗannan ne aka gina horon haɗin kan ma'aikatan jirgi da ake kira CRM. Amsar da ake nema tana hawa mataki-mataki: ka faɗi abin da ka gani a sarari, ka maimaita da ƙarfi tare da abin da ya kamata a yi, idan bai amsa ba kuma ƙasa tana matsowa, ka ɗauka cewa wani abu ya same shi, ka karɓi tuƙi ka fasa sauka. A batun giya kuwa, ka ba shi dama ya janye kansa ya ce ba shi da lafiya, in ya ƙi, ka sanar da kamfani, amma jirgin ba zai motsa da shi a ciki ba.

Ka tanadi labarai biyar ko shida daga aikinka na koyarwa: ranar da ka saɓa da wani, ranar da ka soke tashi duk da matsin lamba, ranar da ɗalibi ya kusa jefa ku cikin hatsari. Kowanne ya kasance da farko, da abin da kai ka yi, da yadda ya ƙare, kuma kada ya wuce minti biyu. Mu da ke tambaya muna auna abu guda a zuci, wato ko za mu iya zama kusa da wannan mutum kwana huɗu a jere a wuri mai ƙunci.

Mai Jiran Kira ya amsa:

Da izinin Kyaftin, ina da ɗan ƙari. Akwai shafukan da waɗanda suka je ganawa ke zuba tambayoyin da aka yi musu, kuma suna da amfani wajen sanin salon kowane kamfani, amma kada ka haddace amsoshin wasu. Ni na haddace, aka sauya lamba ɗaya a tambayar man jirgi, na tsaya ina kallon silin. Ka fahimci dokar kanta: man da zai kai ka inda za ka, ya kai ka filin ko-ta-kwana, sannan ya rage na minti 45. Kuma ka koma ka karanta jirgi mai inji biyu da ka tuƙa a baya, domin sukan ce ka zana tsarin mansa ko na lantarkinsa a kan allo. Wanda bai san ƙaramin jirgin da ya tuƙa ba, ba za su yarda zai koyi jirgin jet irin CRJ ko Embraer cikin 'yan makonni ba.

Malamin Tuƙi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na gano awa 4.1 daga cikin bambancin, sa'o'in na'urar kwaikwayo ne da na zuba cikin jimilla a kwamfuta, saura 2.3 nake nema. Ranka ya daɗe Kyaftin, idan suka ce ko ina da tambaya, me ya dace in tambaya ba tare da na zama kamar mai kwaɗayin kuɗi ba?

Tsohon Kyaftin ya amsa:

Ka tambayi abin da zai shafi rayuwarka da gaske: tsawon lokacin horo, biranen da ake fara tura sababbin matuƙa, da kuma watanni nawa sabon mataimaki ke yi yana zaman jiran kira kafin ya samu jadawalinsa na kansa. Albashi yana rubuce a yarjejeniya, ba sai ka tambaya a ɗakin ba. Amma idan akwai kuɗin maraba da ake bai wa sabon ɗauka, ka nemi takardar ka karanta a natse kafin ka sa hannu, domin sau da yawa akwai sharaɗin mayar da shi idan ka bar kamfanin kafin wa'adi. Ka kuma tambaya ko su ne za su ɗauki nauyin kwas ɗin ATP-CTP, mai awa 30 na aji da awa 10 a na'urar kwaikwayo, tunda sai da shi za ka zauna rubutacciyar jarrabawar ATP. Sauran awa 2.3 ɗin kuma, ka duba ranakun da ka tashi sau biyu da ɗalibi guda, a nan ake yawan rubuta tashi ɗaya a manta da ɗayan.